Muhawara kan jinsin Auriscalpium: shin haƙora ne ke haɗa dangi?

Ɗalibin Gandun Daji:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. A makon jiya muka fita aikin gani da ido a wani dajin itatuwan fayin, masu ganye kamar allura, a arewacin Turai, inda nake karatu, sai na ci karo da wata 'yar mitsitsiyar laimar kwaɗi wadda na daɗe ina tsugune a kanta kafin na yarda cewa ba busasshen ganye ba ce. Hularta ba ta fi faɗin farcen babban yatsa ba, launinta ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma gajeren gashi mai kaushi ya rufe ta tun daga hular har gindin karanta. Karan siriri ne, bai kai kaurin ashana ba, kuma ba daga tsakiyar hular ya fito ba, a gefe ya kama ta kamar mariƙin ludayi. Da na juya ta, sai na ga babu falle-fallen nan da muka saba gani a ƙarƙashin laimar kwaɗi, ƙananan haƙora ne cunkus suna rataye, kowanne bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Na ja ta a hankali, sai ta fito tare da wani ruɓaɓɓen kwanson fayin, wato abin nan mai ɓawo-ɓawo da ke ɗauke da irin itacen, da ke binne a ƙarƙashin ganyayen da suka zuba. Malaminmu ya ce sunanta Auriscalpium vulgare, ya ƙara da cewa ba ta da kusanci da Hydnum, wadda ita ma haƙora gare ta, wai 'yar'uwar Russula ce, mai falle-falle. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ta yaya za a bar mai haƙora a haɗa ta da marar haƙora?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi sa'a, domin mutane da yawa suna taka ta su wuce ba su sani ba. Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi don kada mu riƙa magana biyu da baki ɗaya. Zan ce nau'i idan ina nufin halitta guda mai suna biyu, kamar Auriscalpium vulgare. Jinsi shi ne rukunin da ya tara nau'o'i masu kusanci. Dangi ya tara jinsuna. Zuriya kuma ta tara dangogi.

Tunanin da ka yi shi ne ainihin tunanin da magabatan wannan fanni suka yi. Carl Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya ambace ta a littafinsa Species Plantarum a shekarar 1753, kuma a cikin jinsin Hydnum ya sa ta, ya kira ta Hydnum auriscalpium. Dalilinsa bai wuce naka ba: ya ga haƙora, sai ya kai ta gidan masu haƙora. Kalmar auriscalpium a Latin tana nufin ɗan tsinken da ake sakace kunne da shi, daga auris, wato kunne, da scalpere, wato karta ko sosawa, kuma duk wanda ya ga siffarta zai gane inda sunan ya samo asali. Sai a shekarar 1821 ne Samuel Frederick Gray na Ingila ya cire ta daga Hydnum ya ba ta jinsi nata na kanta, ya ɗauki tsohon sunan nau'in ya mai da shi sunan jinsi.

Autar Zaure:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina da 'yar tambaya a kan sunan. Tunda Gray ya ɗaga auriscalpium ya zama sunan jinsi, me ya hana a kira ta Auriscalpium auriscalpium, kamar yadda ake ce wa goggon biri Gorilla gorilla? Daga ina vulgare ta fito?

Tsohon Malami:
'Yata, dokar raɗa wa dabbobi suna daban take da ta tsirrai da fangas, wato rukunin halittun da laimar kwaɗi take ciki. Ta dabbobi ta yarda a maimaita kalma ɗaya sau biyu, ta tsirrai da fangas kuwa ta haramta. Akwai waɗanda suka rubuta Auriscalpium auriscalpium daga baya, cikinsu har da Otto Kuntze na Jamus a 1898, amma sunan bai karɓu ba saboda wannan doka. Vulgare ita ce kalmar da Gray ya zaɓa, ma'anarta gama-gari, kuma ita ce ta tsaya har yau.

Ɗan Gardama:
Allah ya gafarta Malam, na ji tarihin, amma ban ga an amsa tambayar ɗan'uwanmu ba. Ni a nawa ganin, rarraba halittu an ƙirƙiro shi ne domin mutum ya gane abin da ke gabansa. Idan na shiga daji na ga abu mai haƙora, hankali ya ce in neme shi a babin masu haƙora. Elias Fries, wanda ake ɗauka uba a wannan fanni, a kan wannan ya gina tsarinsa: masu falle-falle gefe guda, masu ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin hula gefe guda, masu haƙora gefe guda, masu rassa kamar murjani gefe guda. Tsarin ya yi wa mutane aiki fiye da shekara 100. Yanzu an zo an wargaza shi, an ce wannan 'yar gashin da ke tsirowa a kan kwanson fayin 'yar'uwar Russula ce, alhali Russula babba ce, santsi gare ta, namanta yana karyewa kamar alli, kuma tana rayuwa ne a haɗe da saiwoyin itatuwa masu rai. Ita kuwa wannan tauri gare ta kamar fata, kuma mataccen abu take ci. Ina kamar take?

Malama Mai Madubi:
Malam, kamar tana nan, sai dai ba a inda kake dubawa ba. Ka ba ni dama in faɗi abin da nake gani idan na ɗora ta a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, domin na yi hakan ba sau ɗaya ba.

Ana yanko haƙori ɗaya da reza, a sa a kan gilashi, a ɗiga masa ruwan gwajin da ake kira na Melzer. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Václav Melzer, shi ne ya haɗa shi a 1924, kuma babban abin da ke cikinsa aidin ne. Ruwan kansa launin shayi gare shi. Da zarar ya taɓa ƙwayoyin iri na Auriscalpium, wato 'yar ƙurar da take hayayyafa da ita, waɗanda a da farare ne kamar ba su nan, sai su rikiɗe su koma shuɗi mai duhu, irin yadda sitaci yake yi idan aidin ya taɓa shi. Idan aka ƙara ƙarfin madubin, za a ga ƙwayoyin kusan zagayayyu ne, tsawonsu wajen maikuromita 5, wato kashi 5 cikin 1,000 na milimita ɗaya, kuma jikinsu ba sumul yake ba, ƙananan ƙuraje ne a kansa. To, a ɗauko Russula a yi mata haka: ƙurajen da ke kan ƙwayoyinta su ma shuɗi za su koma. Shi Melzer ɗin ma a kan nazarin Russula ya yi suna. A ɗauko Hydnum repandum kuwa, wadda ake cewa ita ce 'yar'uwar ta gaskiya, a ɗiga mata ruwan: ƙwayoyinta sumul suke, kuma ba za su canza launi ba ko a kwana ana jira.

Akwai alama ta biyu. A cikin naman Auriscalpium ana samun wasu zaruruwa na musamman cike da abu mai kama da mai. Irinsu suna cikin Russula, kuma a cikin Lactarius, 'yar'uwar Russula, irinsu ne suke fitar da farin ruwan nan mai kama da madara idan aka karya ta. Hydnum ba ta da su. Taurin da ka ambata kuma dalilinsa a fili yake: ban da zaruruwa masu siraran bango da ke girma, tana da wasu masu kaurin bango da suke zame mata ƙashi. Wannan ne ya sa take daɗewa a daji ba ta ruɓe da wuri ba, shi ne kuma ya sa ba a cin ta.

Ɗan Gardama:
Malama, na gode da wannan bayani, amma ki lura, ke ma kama kika kafa hujja da ita. Ni na ce haƙora, ke kin ce launin ƙwayoyi da zaruruwan mai. Me ya sa kamarki ta fi tawa? Don kawai taki sai da madubi ake ganin ta?

Malama Mai Madubi:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba don madubi ba ne. Haƙora aiki suke yi, kuma aikin nan ɗaya ne da na falle-falle da na ƙofofi: su faɗaɗa filin da ƙwayoyin iri suke fitowa a kai, a ƙarƙashin hula ƙarama, sannan su fuskanci ƙasa domin ƙwayoyin su faɗo iska ta ɗauke su. Duk halittar da take da wannan buƙata tana iya isa ga wannan dabara ta hanyarta, kamar yadda jemage da tsuntsu duk suke da fiffike ba tare da sun zama 'yan gida ɗaya ba. Saboda haka haƙora suna gaya mana yadda halitta take rayuwa ne, ba wanda ya haife ta ba. Alamomin cikin jiki kuwa, idan biyu ko uku daga cikinsu suka riƙa zuwa tare a halittu masu siffofi daban-daban, sai mu fi zaton gado ne. Ban ce kowace alama ita kaɗai ta isa hujja ba, domin akwai fangas da yawa a wajen wannan zuriya da ƙwayoyinsu suke komawa shuɗi. Haɗuwarsu ce hujjar.

Tsohon Malami:
Hausawa sun riga mu da cewa kama da wane ba ta wane. Bari in ƙara a kan abin da Malama ta faɗa, don a ga cewa ba na'urorin zamani ne suka fara wannan magana ba. A shekarar 1963, Rudolph Maas Geesteranus, masani ɗan ƙasar Holan da ya yi suna a kan nazarin fangas masu haƙora, ya kafa dangin Auriscalpiaceae, kuma da madubi kawai ya hango cewa Auriscalpium tana da kusanci da Lentinellus. Ita Lentinellus falle-falle gare ta, a kan mataccen itace take tsirowa, sai dai bakin fallayenta a tsattsage yake kamar haƙoran zarto. A wancan lokaci haɗa mai falle-falle da mai haƙora a dangi ɗaya ba ƙaramar kasada ba ce.

Bayan shekara 30 da wani abu, da aka fara karanta jerin sinadarin gado na DNA, sai sakamakon ya mara masa baya. Binciken da David Hibbett da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 yana cikin waɗanda suka nuna cewa falle-falle da sauran siffofin nan sun ɓullo sau da yawa a rassa daban-daban. Yau Auriscalpium da Lentinellus suna cikin zuriyar Russulales, tare da Artomyces pyxidatus, wadda ba ta da hula ko kaɗan, rassa ne kawai kamar murjani masu ɗan kambi a kai; tare da Hericium mai dogayen haƙora masu zubowa kamar gemu; tare da Stereum da take shimfiɗe a jikin itace kamar ɓawo; tare da Heterobasidion mai ƙofofi, wadda take ruɓar da gindin itatuwan fayin tana jawo wa masu gandun daji hasara. Zuriya ɗaya ke nan ta tara kusan kowace siffa da Fries ya raba. Masu haƙoran kuwa sun watse cikin zuriyoyi daban-daban: Hydnum tana cikin Cantharellales, Hydnellum da Sarcodon suna cikin Thelephorales, Pseudohydnum mai taushin jiki kamar daskararren romo tana cikin Auriculariales.

Ɗalibin Gandun Daji:
Baba, wannan ya warware mini rabin matsalar. Ashe kuskurena shi ne na ɗauka rarraba halittu da gane halittu abu ɗaya ne.

Ɗan Gardama:
A nan ne fa nake so a tsaya, domin ban janye duka ba. Na yarda cewa idan asali ake nema, hujjar Malama da ta Baba ta fi tawa ƙarfi. Amma wanda yake daji ba ya ɗauke da madubi, balle na'urar karanta DNA. Littattafan da ake shiga daji da su har gobe suna tara masu haƙora a wuri ɗaya, kuma daidai suka yi. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasu suke magana kamar Linnaeus da Fries ba su san abin da suke yi ba, alhali da ido kawai suka yi aikin da har yanzu a kansa ake gini. Shi kansa ɗan'uwanmu da haƙoran ya fara, da gashin, da kwanson da ta fito da shi, kuma malaminsa bai buƙaci ruwan Melzer ba kafin ya faɗa masa sunanta.

Malama Mai Madubi:
A wannan ba mu da saɓani, Malam. A gaskiya Auriscalpium vulgare tana cikin waɗanda suka fi sauƙin ganewa a dajin Turai, domin alamominta huɗu ba sa haɗuwa a kan wata: ƙanƙanta, gashi, haƙora, da kwanson fayin. Akwai wasu ƙananan laimomin kwaɗi da su ma a kan kwanso suke tsirowa, irin su Strobilurus da Baeospora myosura, amma da an juya su za a ga falle-falle, magana ta ƙare. Tsohon tsarin yana nan da amfaninsa a matsayin mabuɗin gane halitta. Inda nake ja da kai shi ne idan aka ce mabuɗin shi ne tarihin gidan.

Autar Zaure:
Malamai, an yi ta magana a kan nau'i ɗaya, alhali taken zancen jinsi ne. Nau'i nawa ne a cikinsa? Kuma duk a kan kwanson fayin suke rayuwa?

Tsohon Malami:
Jinsi ne ƙarami ƙwarai. Babban ƙamus ɗin fangas da masana suke dogara da shi ya ƙirga nau'i 8 a bugunsa na 2008, kuma an ƙara wasu bayan nan. Ki kwatanta da Russula mai ɗaruruwan nau'o'i. Abin da ya haɗa su shi ne hula da kara masu gashi, haƙora a ƙasa, nama mai tauri, farar ƙurar iri, da ƙwayoyi masu ƙuraje da suke komawa shuɗi a ruwan Melzer. Dukansu masu cin mataccen abu ne, babu mai ƙawance da saiwar itace mai rai. Amma ba duka ne suke kan kwanso ba. Auriscalpium villipes, wadda ake samu a yankuna masu zafi na nahiyar Amurka, a kan mataccen itace take fitowa. An bayyana Auriscalpium barbatum daga Ostireliya, Auriscalpium umbella kuma daga Niyu Zilan. Vulgare ce dai ta fi yaɗuwa kuma ta fi sanuwa: a Turai an fi samun ta a kan kwanson wani nau'in fayin mai suna Pinus sylvestris, a yammacin Amurka ta Arewa kuwa har a kan kwanson itacen Pseudotsuga.

Malama Mai Madubi:
Baba, a kan yaɗuwar vulgare akwai gyara kaɗan da aka yi kwanan baya. An daɗe ana ɗaukar duk wata mai wannan siffa a kan kwanso, daga Turai har gabashin Asiya, a matsayin nau'i ɗaya. A 2019 wasu masana a ƙasar Sin suka gwada samfura da DNA, suka fitar da sababbin nau'o'i biyu daga cikin abin da ake kira vulgare: Auriscalpium orientale da Auriscalpium microsporum. Sunan ta biyun ma ya faɗi bambancinta, wato mai ƙananan ƙwayoyi. Sun kuma lura cewa irin kwanson da kowacce take zaɓa yana cikin abin da ya raba su.

Ɗan Gardama:
To, kin ga abin da nake tsoro. Ɗazu an ce mini masu siffa daban-daban dangi ɗaya ne, na haƙura. Yanzu kuma ana cewa masu siffa ɗaya tak nau'i daban-daban ne. Idan bambancin 'yan haruffa a jerin DNA ya isa a raɗa sabon suna, ina za a tsaya? Mutanen da suka rayu nesa da juna ma ai ana samun bambanci a gadonsu, ba a ce sun zama halittu biyu ba.

Malama Mai Madubi:
Wannan damuwa taka masana da kansu suna da ita, kuma ni ma ba na karɓar sabon suna don kawai na'ura ta nuna rata. Tun 2012 aka amince da wani yanki na DNA da ake kira ITS a matsayin babbar shaidar tantance fangas, amma babu wata ƙayyadaddiyar rata da za a ce duk wanda ya tsallake ta ya zama sabon nau'i. Jinsi da jinsi sun bambanta. Abin da yake gamsar da ni shi ne idan shaidu masu zaman kansu suka yi baki ɗaya: DNA ya raba su, girman ƙwayoyi ya raba su, abin da suke tsirowa a kai ya raba su. A kan halittar da duk rayuwarta take cikin kwanso guda, sauya irin kwanson ba ƙaramin abu ba ne, domin kwansuna sun bambanta a tauri da yawan ƙaro da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su ruɓe. Idan shaida ɗaya ce kawai, ina tare da kai a kan a dakata.

Ɗan Gardama:
Idan da wannan sharaɗi ne, na sassauta, ko da yake zan ci gaba da kiran ta Turai da sunan da Gray ya ba ta.

Tsohon Malami:
Babu mai hana ka, domin daga Turai aka fara bayyana ta, kuma a doka sunan yana bin asalin samfurin da aka raɗa masa shi. Ko an raba ta gida goma, ta Turai ce za ta riƙe vulgare.

Ɗalibin Gandun Daji:
Malamai, Allah ya saka da alheri. Na koma ga samfurin da na ɗauko, wanda na ajiye tare da kwansonsa a cikin gwangwani mai murfi da ɗan jiƙaƙƙen auduga. Na bi shawarar malaminmu na yanke hular na kife ta a kan baƙar takarda, na rufe da kofin gilashi ta kwana, da safe na tarar da ɗan farin gari siriri daidai faɗin hular. Abin da ban yi tsammani ba shi ne, daga jikin tsohon karan da na bari a kan kwanson, wani sabon tsiro ya fara fitowa, fari-fari mai laushin gashi, bai kai rabin santimita ba. Malama, wannan sabuwar halitta ce ko tsohuwar ce take ci gaba?

Malama Mai Madubi:
Tsohuwar ce, ƙanena. An san vulgare da wannan ɗabi'a ta fitar da sabon kara daga jikin tsoho, shi ya sa a wasu lokuta ake ganin biyu ko uku a manne da juna. Ainihin halittar zaruruwan da ke cikin kwanson ne, abin da ka tsinka 'ya'yanta ne kawai. Ka bar gwangwanin inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa, kada ka bari audugar ta bushe. Karan ne zai fara miƙewa, sai ya gama tsawonsa kansa zai lanƙwasa gefe, daga nan hular ta buɗe, haƙoran su biyo baya. Hular da ka yanke kuwa ka busar da ita sosai, ka sa a ambulan, ka rubuta rana da wuri da irin itacen da kwanson ya faɗo daga gare shi, sannan ka roƙi malaminku ɗigo ɗaya na ruwan Melzer ka kawo mana labarin launin da ka gani.